Wa Ya Kashe TVR, Yaron Rasha Ko Injin Da Suka Ƙera Da Kansu?

In ka tambayi duk wani bature mai son mota a Ingila wa ya kashe kamfanin TVR, kafin ka rufe baki zai ce maka ai wani yaro ne ɗan Rasha, ɗan masu kuɗi, ya saye shi a 2004 kamar abun wasa, cikin shekara biyu ya watsa komai. Labarin yana da daɗin faɗa kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma in ka bi tarihin kamfanin tun daga tushe zaka ga yaron nan mara lafiya ya saya da tsada, ciwon kuma ya kama kamfanin ne tun zamanin mutumin da kowa ke yabo, wato Peter Wheeler, mai kamfanin kafin yaron. Ni dai a nan na tsaya, kuma bari in kawo dalilai na.

Da farko ga waɗanda basu san TVR ba. Ƙaramin kamfani ne da yake ƙera motocin gudu masu kujera biyu a Blackpool, wani gari na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila da aka fi sani da wuraren shaƙatawa ba masana'antar mota ba. Wani saurayi Trevor Wilkinson ne ya fara shi a 1947, daga cikin sunansa ma aka tsinci harufan nan uku, kuma motarsa ta farko ya haɗa ta a 1949. Dabararsu tun shekarun 1950 ita ce: a walda bututun ƙarfe a yi shasi mara nauyi, a ɗora bodi na faiba a kai, sannan a je a sayo inji daga wurin manya irinsu Ford ko MG a saka. Faiba ita ce sirrin ƙananan kamfanoni, domin bodin ƙarfe sai kana da manyan injinan matsa ƙarfe masu cin miliyoyi, ita kuwa faiba mutum uku da buroshi da bokitin gam zasu fitar maka da bodi a cikin rumfa. Ga kuma wata kafa da suka samu, a wancan lokacin in ka sayar da mota a warwatse mai saye ya je ya ɗaura abarsa a garejin gida, gwamnati bata karɓar harajin saye a kai, don haka motarsu Grantura da ta fito a 1958 da yawa a haka aka sayar da ita. Wannan kafar ta toshe a 1973 da aka kawo harajin VAT.

Mutuwar farko ta zo a 1962, kuma neman suna ne ya jawo ta. Kamfanin da yake hannu baka hannu ƙwarya sai ga shi sabbin masu jari sun ce sai an je manyan gasar tseren duniya, aka ɗebi motoci uku aka kai Sebring a Amurka, ɗaya ce kawai ta kai ƙarshe, aka je Le Mans a Faransa motar ta ɗau zafi ta tsaya tun farkon tseren. Kuɗi sun tafi, oda bata ƙaru ba, kafin shekarar ta ƙare masu bin bashi sun karɓe kamfanin. Shi kansa Trevor a wannan shekarar ya tattara ya bar musu kamfanin da ke ɗauke da sunansa saboda an riga an ture shi gefe.

Mutuwa ta biyu 1965 ce. Wani dilan Ford a New York mai suna Jack Griffith ya cusa injin V8 (mai silinda takwas) na Ford mai lita 4.7 a cikin wannan 'yar mitsitsiyar Grantura, mota ta koma aljana, Amurkawa suka yi ca a kanta, sai TVR ta koma ƙera bodi da shasi tana lodawa a jirgin ruwa ana kai masa yana saka inji. Kusan duk cinikin kamfani ya rataya a wuyan mutum ɗaya a ƙasa ɗaya kenan. Sai ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gabashin Amurka suka shiga dogon yajin aiki, kaya suka maƙale, Griffith ya kasa biya, TVR ta kife. Martin Lilley da mahaifinsa Arthur ne suka tsince ta a ƙarshen 1965, kuma gaskiya Martin ya yi ƙoƙari, shi ya mayar da su sabuwar masana'anta a titin Bristol Avenue inda suka zauna har ƙarshe, ya fitar da jerin motocin M a 1972, ya tsallake gobarar da ta ci masana'antar a Janairun 1975. Abun da ya karya shi shine Tasmin ta 1980, mota mai tsinin gaba da ta ci kuɗi wajen tsarawa, ta fito da tsada daidai lokacin da tattalin arzikin Birtaniya yake kwance.

Toh a nan Wheeler ya shigo, ƙarshen 1981. Injiniyan sinadarai ne da ya yi kuɗinsa wajen sayar wa kamfanonin haƙar mai na Tekun Arewa da ke gabashin Birtaniya kayan aiki, kuma kwastoman TVR ne, motar yake hawa yana kawo ta sabis har ya ƙare da saye kamfanin gaba ɗaya. Dogon mutum, sigari baya barin bakinsa, karensa Ned yana yawo a cikin ofis, har ana bada labarin cewa karen ne ya gatsi samfurin motar Chimaera ta gaba, Wheeler ya duba wurin cizon ya ce ya yi kyau a bar shi a saka fitilar sigina a ciki. Ko an ƙara wa labarin gishiri ko ba a ƙara ba, ya nuna maka yadda ake yanke hukunci a gidan, ba kwamiti ba binciken kasuwa, abun da oga ya so shi za a yi.

Kuma shekara goma sha biyar na farko abun da oga ya so daidai ne, wannan dole a faɗa. Ya cire injin Ford V6 daga Tasmin ya saka Rover V8 a 1983 aka samu 350i, ana cewa ma ɗaya daga cikin dalilan shine yana son sayarwa a ƙasashen Larabawa, su kuma a lokacin sun ƙaurace wa kayan Ford saboda hulɗarta da Isra'ila. A 1986 ya nuna TVR S, mota mai sauƙin kuɗi kusan fam dubu 13, ita ta cika masana'antar da aiki. Sai 1990 a bikin baje kolin motoci na Birmingham ya buɗe sabuwar mota mai suna Griffith, mota mai santsi ba ko marikin ƙofa a jikinta, mutane suka yi layi suna ajiye kafin alƙalami, ana cewa duk bayan minti takwas sai an rubuta oda ɗaya. Chimaera ta biyo baya a 1992, ita ce ma aka fi saye a tarihin kamfanin, sama da guda dubu biyar. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 suna fitar da mota sama da 1,500 a shekara, ga gasar tserensu ta kansu mai suna Tuscan Challenge da aka fara a 1989 wadda shi Wheeler da kansa yake shiga yana tuƙi.

Me mutane ke saye? Gudu da ƙara a farashi mai rahusa. Mota bata fi tan ɗaya da 'yan kai ba, ga inji mai lita huɗu ko biyar, a kan miƙaƙƙen titi zata bi Ferrari ƙafa da ƙafa alhali kuɗinta bai kai rabi ba. Babu birkin ABS, babu jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo, babu kwamfutar da ke hana taya sulɓewa, Wheeler ya ce duk waɗannan suna sa direba sakaci ne kawai. Ƙofa ma sai an nuna maka yadda ake buɗe ta, a wasu motocin maɓallin yana ɓoye a ƙarƙashin madubin gefe, baƙo sai ya zagaya motar sau biyu yana lalube. In ka shiga sabuwa ƙamshin fata da warin gam ɗin faiba ne zasu tare ka tare. Ruwan sama yakan shigo, wayarin yakan yi gardama, bututun shasin da ke bayan tayoyi yakan yi tsatsa daga ciki ba ka sani ba sai ranar da bakanike ya caka sukundireba ta wuce. Amma masu ita suna yafewa, kuma babban dalilin yafiyar shine injin. Rover V8 tsohon inji ne da asalinsa na Buick ne daga Amurka, yana cikin Range Rover da Land Rover ko'ina, duk wani gareji a Ingila ya san shi, kayan gyaransa a banza. Wato komai na motar zai iya baka haushi amma zuciyarta bata mutuwa, in ma ta mutu gyaranta ba tashin hankali bane.

Wannan zuciyar ce Wheeler ya cire da hannunsa.

A 1994 BMW ta sayi kamfanin Rover. Wheeler bai so a ce motarsa tana tafiya da injin da Jamusawa ke iko da shi ba, kuma a yi masa adalci, tsohon V8 ɗin nan dama kwanansa ya kusa ƙarewa saboda dokokin hayaƙi na Turai suna ta ƙara tsanani, dole ne ko ba jima ko ba daɗe a nemi madadinsa. Tambayar ita ce wane madadi. Yana iya zuwa wurin Ford ko General Motors ya sayi V8 da aka riga aka gwada a miliyoyin motoci. Sai ya ce a'a, TVR zata ƙera nata. Tare da wani mai tsara injina Al Melling da injiniyansu John Ravenscroft suka fito da AJP8, harufan farko na sunayensu su uku kenan har da shi Peter, aka saka shi a Cerbera da ta shiga kasuwa a 1996 da ƙarfin doki 360. Bayan shi sai Speed Six mai silinda shida a jere wanda ya fito a 1999, kuma daga Tuscan zuwa Tamora zuwa T350 zuwa Sagaris duk shi ne a ciki.

Ka tsaya ka yi lissafin nan da kyau don a nan maganar take. Ƙera inji ba zana shi bane kawai, sai an yi samfura an ɗora su a kan na'urar gwaji suna ta aiki dare da rana har su fashe a ga me ya fara lalacewa, a gyara a sake, a kai su ƙasar sanyi a kai su ƙasar zafi, a biya kuɗin gwajin hayaƙi, a nemo masu zuba ƙarfe da zasu yarda su yi maka kaya 'yan kaɗan da inganci. Wannan kuɗin ɗaya ne ko inji dubu zaka yi ko miliyan. A ce misali aikin ya ci fam miliyan goma, in kana sayar da mota dubu a shekara na shekara biyar, kowace mota ta ɗauki fam dubu biyu a kanta tun kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, in kuwa dubu hamsin kake sayarwa a shekara kamar yadda Porsche take yi a farkon shekarun 2000, fam arba'in ne kacal. Ƙaramin kamfani kuwa ba zai iya ɗora wannan a farashi ba tunda arha ce tallarsa, saboda haka abun da yake yi shine ya rage gwajin, sai kwastoma ya zama shine ɗakin gwaji. Kamar mai gidan burodi ɗaya ne a unguwa ya ce ya gaji da sayen fulawa, shima sai ya kafa kamfanin niƙa alkama nasa.

Abun da ya faru kenan da Speed Six na farko-farko. In yana aiki, wallahi inji ne na ban mamaki, ba turbo ba komai yana bada ƙarfin doki 350 zuwa kusan 400, ƙararsa kaɗai ta isa ta sa mutum ya sa hannu a cek. Amma can saman injin inda ƙananan ƙarafunan nan suke danna bawul, mai baya isa yadda ya kamata kuma ƙarfen da aka yi wasunsu da shi ba mai jurewa bane, sai su cinye tun motar bata yi wata tafiyar kirki ba. Mutum ya sayi sabuwar mota da kuɗi kusan fam dubu 40, bai gama ɗokinta ba ya fara jin ƙas ƙas ƙas daga bonet, a ce masa sai an sauke inji. Ga sabis duk bayan mil dubu shida, kuma ba kowane bakanike zai taɓa ba sai wanda ya san shi. In motar tana cikin garanti kamfani ne zai biya, wato ribar da aka ci a kanta ta koma, in garanti ya ƙare mai ita ne zai biya, wato an yi asarar kwastoma har abada tare da abokansa goma da zai ba labari. Kuma lokacin ne intanet ta fara yaɗuwa, masu motar suka samu inda suke haɗuwa suna kwatanta rasit.

Ba inji kaɗai ba, ciwon na komai sai mun yi da kanmu ya bazu ko'ina. Maɓallan cikin Tuscan da agogunan dashbod daga alminiyom da tagulla ake sassaƙo su a gida, kujeru a gida ake ɗinkawa, abun sha'awa ne a ido amma kowane ɗaya albashin mutum ne a kai. Sannan ga Speed 12, dodon mota mai inji V12 lita 7.7 da aka kashe wa kuɗi da lokaci, aka karɓi kafin alƙalamin mutane, Wheeler ya hau samfurin ya tafi gida da shi ya dawo ya ce wannan ba za ta tuƙu a titi ba, aka mayar wa kowa kuɗinsa. Aka kuma koma Le Mans a 2003 da 2004, wurin da ya taɓa kashe kamfanin shekara arba'in baya.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da kasuwar ta cika da manya. Da can in kana son buɗaɗɗiyar mota mai gudu a wannan farashin zaɓinka kaɗan ne. Sai ga BMW Z3, sai ga Mercedes SLK da Porsche Boxster duk a 1996, Honda S2000 a 1999, Nissan 350Z bayan nan. Babu wadda ta kai TVR hauka a cikinsu, amma da safe in ka murɗa makulli zasu tashi, ruwa baya zuba, akwai dila a kowane gari, kuma in ka tashi sayarwa bayan shekara uku kuɗinka bai narke ba. Matashin da ya samu kuɗi a Landan wanda a 1993 Griffith zai saya, a 2002 Boxster yake saye. Fita waje kuma babu hanya, Amurka wadda ita ce babbar kasuwar irin waɗannan motoci TVR ta bar ta tun shekarun 1980, kuma mota mara jakar iska mai inji da ba a yi masa gwajin hayaƙin Amurka ba bata da ƙofar komawa. Kusan duk cinikinsu ya dawo ƙasa ɗaya, irin kuskuren 1965 kenan sai dai wannan karon ƙasar tasu ce.

Don kar a ce ƙaddarar duk ƙaramin kamfani kenan, a duba maƙwabta. Morgan da ke Malvern sun fi TVR ƙanƙanta da tsufa, su ma Rover V8 suke amfani da shi, da lokaci ya yi sai suka je wurin BMW ɗin da Wheeler ke gudu suka sayi inji suka saka a Aero 8 a 2000, har yau suna nan suna ƙera mota. Lotus ta saka injin Rover a Elise, daga baya ta koma na Toyota wanda ya buɗe mata kasuwar Amurka. Su ma fa ba wai sun ji daɗi bane, Lotus ta yi ta yawo daga hannun General Motors zuwa Proton ta Malesiya zuwa Geely ta China, Morgan ma a 2019 wani kamfanin zuba jari na Italiya ya saye mafi yawan hannun jarinta. Amma ƙofar masana'antarsu a buɗe take.

A Yulin 2004 Wheeler ya sayar, kuma duk wanda ya san kasuwanci ya san mutum baya rabuwa da abun da ya raina shekara ashirin da uku in yana ganin gaba da haske. Mai sayen shine Nikolai Smolensky, shekararsa 24, ɗan Alexander Smolensky mai bankin SBS-Agro da ya rushe a rikicin kuɗin Rasha na 1998 ya tafi da ajiyar mutane da yawa. Jaridu sun ce fam miliyan 15 ya biya. Abun da mutane ke mantawa shine farkon zuwansa abun da ya dace ya yi, ya jinkirta fitar da Sagaris da sabuwar Tuscan don a gyara inganci, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, kuma masu motar da kansu sun yarda cewa na 2005 da 2006 sun fi na baya lafiya. Sai dai suna in ya ɓaci gyaran bawul baya dawo da shi cikin shekara ɗaya. Zuwa Afrilun 2006 masana'antar da take fitar da mota 12 a mako ta dawo uku ko huɗu, aka sallami ma'aikata 71, ga wa'adin hayar filin Bristol Avenue yana ƙarewa.

Daga nan kam laifinsa ne tsagwaronsa, ban da abun kare shi. Yau a ce za a koma wani sabon wuri kusa da filin jirgin Blackpool, gobe a fasa, a Oktoba a ce za a mayar da haɗa mota birnin Turin na Italiya bayan shi ya yi alƙawarin kamfanin zai zauna a Birtaniya. Masu motar suka yi jerin gwano da TVR kusan 260 a tsakiyar Landan a Nuwamba don nuna ɓacin rai, bai canza komai ba. Sai a Disamba aka gane an riga an rarraba kamfanin gida-gida, suna da haƙƙin mallakar zane suna wani kamfani, masana'anta da ma'aikata da basussuka kuma an tara su a wani mai suna Blackpool Automotive, shi aka bari ya faɗi aka miƙa wa akantocin da ke karɓar kamfanin da bashi ya ci. Ana saura kwanaki Kirsimeti mutane suka rasa aiki, wasunsu tun suna samari suke shafa faiba a wurin. A Fabrairun 2007 kuma sai ga shi shi Smolensky ɗin ne ya sake saye abun da ya rage daga hannun akantocin a kan kuɗi kaɗan. Doka bata hana ba, amma duk mai sayar musu da kaya da aka bari da rasit a hannu ya san me aka yi masa. Bayan nan shiru kake ji, sanarwa kan sanarwa ba mota, har a 2012 ya fito ya ce ƙera mota ba riba, yana tunanin saka sunan TVR a jikin injinan samar da lantarki daga iska. Trevor Wilkinson ya rasu a 2008, Wheeler a 2009.

Da a nan labarin ya tsaya da sai a ce an gama, amma suna irin wannan baya barin mutane su huta. A 2013 wasu 'yan kasuwar Birtaniya ƙarƙashin Les Edgar, wanda ya yi kuɗinsa a wasannin kwamfuta, suka saye sunan. Kuma a takarda sun koyi darasi sarai, wannan karon ba za a ƙera inji ba, V8 na Ford mai lita biyar za a saya kamfanin injinan tsere na Cosworth ya ƙara masa ƙarfi, zanen motar kuma aka ba Gordon Murray, mutumin da ya tsara McLaren F1, ga ABS ga jakar iska. A 2015 suka fara karɓar kafin alƙalami fam dubu biyar-biyar tun ba wanda ya ga ko hoton motar, kuma mutane suka biya. A 2016 aka sanar za a ƙera ta a Ebbw Vale da ke kudancin Wales, garin da masana'antar ƙarfensa ta rufe a 2002 ya bar mutane ba aiki, aka yi alƙawarin guraben aiki 150. Gwamnatin Wales ta basu rancen fam miliyan biyu, ta kuma sayi kashi uku cikin ɗari na kamfanin a kan fam dubu 500. A Satumban 2017 aka buɗe sabuwar Griffith a bikin motoci na Goodwood a Ingila, ja jawur, aka ce guda 500 na farko fam dubu 90 kowace, za a fara miƙawa nan da shekara ɗaya da 'yan watanni.

Ta leƙo ta koma. Matsalar wannan karon ba inji bane, jari ne, don samfuri ɗaya da za a nuna wa 'yan jarida daban, layin da zai riƙa fitar da ɗaruruwan motoci iri ɗaya masu takardar amincewar hukuma daban, na biyun yana cin miliyoyi masu yawa da basu taɓa haɗawa ba. Aka ce gyaran ginin ne ya tsaya saboda shigar gwamnati ta sa dole a bi dokokin bada kwangila na Tarayyar Turai, aka ce korona ce, a 2021 suka ƙara cin bashin fam miliyan biyu daga tallafin korona, suka haɗa kai da wani kamfanin haƙar ma'adinin batir suka fara maganar motar lantarki alhali ta fetur ɗin ba a miƙa ko ɗaya ba. Ranar miƙawa ta tashi daga 2019 zuwa 2020 zuwa 2022 zuwa 2024.

A ƙarshen 2023 TVR ta rasa damar da aka keɓe mata a kan ginin Ebbw Vale ba tare da an ƙera mota ko ɗaya a ciki ba. Da ofishin binciken kuɗin gwamnati na Wales ya fitar da lissafinsa a 2024, sai aka ga an kashe sama da fam miliyan 14 na jama'a a kan maganar, fam miliyan 4.75 wajen sayen ginin, miliyan 7.6 wajen gyara shi, sauran kuma rancen nan da hannun jarin. Rancen dai kamfanin ya biya da kuɗin ruwansa a 2022, ginin kuma gwamnati ta koma neman wani ɗan hayar da zai shiga.